Ƙungiyar maƙeran Finlan da ƙarfin da ta karɓa aro

A ranar 1 ga Janairun 2018 wata sabuwar ƙungiyar ƙwadago ta fara aiki a ƙasar Finlan, mai suna Teollisuusliitto, wato Ƙungiyar Ma'aikatan Masana'antu. Ƙungiyoyi uku ne suka narke suka zama ɗaya. Akwai ta ma'aikatan ƙarfe, wadda aka kafa tun 1899, akwai ta ma'aikatan katako, sai kuma wadda ake kira TEAM, ita ma haɗaka ce da aka yi a 2010 tsakanin ma'aikatan masana'antun sinadarai da na maɗaba'a. Mambobin sabuwar ƙungiyar sun haura 200,000, a ƙasar da jama'arta gaba ɗaya ba su wuce miliyan biyar da rabi ba sosai. Riku Aalto, wanda ke riƙe da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe tun 2008, shi aka ɗora a kan kujerar shugabanci.

Wanda ya ga wannan adadi zai ce ƙarfi ne ya ƙaru. Ni kuwa abin da nake gani shi ne mutanen da suka hango hadari suka tattara kansu wuri guda. Kuma tarihin ƙungiyar ne da kansa ya sa nake faɗin haka, domin idan aka bi shi daki-daki za a tarar cewa kusan duk wani babban matsayi da ma'aikatan masana'antun Finlan suka taka, sun taka shi ne a lokacin da gwamnati da masu masana'antu suka shiga matsin da ba za su iya fita ba sai da hannun ma'aikaci. Da matsin ya wuce, sai aka fara karɓe abin da aka bayar, ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin da maƙera da masu aikin injina suka kafa ƙungiyarsu a 1899, Finlan ba ƙasa ce mai cin gashin kanta ba. Tana ƙarƙashin sarkin Rasha tun 1809, kuma a 1899 ɗin ce ma Sarki Nikolas na Biyu ya fitar da sanarwar da ta rage wa ƙasar 'yancin tafiyar da harkokinta na cikin gida. A shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar ma'aikata a birnin Turku, wadda ta koma jam'iyyar Soshiyal Dimokurat a 1903. Masana'antun ba su da yawa: masaƙar Finlayson da ma'aikatar ƙarfe ta Tampella a birnin Tampere, inda ruwa mai gudu ke juya injina, wuraren ƙera jiragen ruwa a Turku da Helsinki, sai injinan tsaga katako a bakin koguna. Yajin aikin gama-gari na 1905 ya jijjiga mulkin Rasha har aka ba kowane baligi, mace da namiji, 'yancin jefa ƙuri'a a 1906, Finlan ta riga duk ƙasashen Turai a kan wannan. A watan Afrilun 1917, bayan an tumɓuke sarkin Rasha, ma'aikatan ƙarfe suka tilasta wa iyayen gidansu amincewa da aikin awa takwas a rana, kafin shekarar ta ƙare ya zama dokar ƙasa.

Sai kuma 1918 ta zo. Wata biyu ba su cika ba da ayyana 'yancin kai a ranar 6 ga Disamban 1917, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa tsakanin Jajaye, waɗanda akasarinsu ma'aikata ne da manoman da ba su da gonar kansu, da Farare, rundunar gwamnati da masu dukiya wadda sojojin Jamus suka dafa wa. Yaƙin bai kai wata huɗu ba, amma ya ci rayuka sama da 35,000 a ƙasa mai mutum miliyan uku. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, kusan 12,000 daga cikinsu ba a fagen fama suka mutu ba. A sansanonin fursunoni suka ƙare bayan an daina harbi, yunwa da cuta suka cinye su. Duk wanda zai fahimci dangantakar ma'aikaci da mai masana'anta a Finlan na shekaru ashirin da suka biyo baya, dole ya riƙe wannan a ransa. Manajan ma'aikata ya yi yaƙi a ɓangaren Farare, mai juya ƙarfe a gaban injinsa kuwa ya binne ƙanensa a ɓangaren Jajaye, ga su kullum safiya suna shiga ƙofa ɗaya.

Masu masana'antu suka ƙi zama teburi ɗaya da ƙungiyoyi. In ban da masu aikin ɗab'i, waɗanda ke da yarjejeniya ta ƙasa baki ɗaya tun 1900, kowane ma'aikaci shi kaɗai yake fuskantar mai gidansa. A 1920 aka kafa wata ƙungiya mai suna Vientirauha, ƙarƙashin Martti Pihkala, wadda ba ta da wani aiki sai tara mutane daga ƙauyuka a kai su duk inda ake yajin aiki su maye gurbin masu yajin. A 1927 wani yaji da ya tashi a ma'aikatar jiragen ruwa ta Crichton-Vulcan da ke Turku ya sa masu masana'antun ƙarfe suka kulle ƙofofinsu, dubban ma'aikata suka yi watanni babu albashi. A 1930, da matsin lambar 'yan ra'ayin riƙau na gungun Lapua, aka haramta uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa bisa zargin 'yan kwaminis sun mamaye ta, 'yan Soshiyal Dimokurat suka kafa wata a madadinta mai suna SAK.

To, yaushe aka yarda da su? Sai da Tarayyar Sobiyet ta afka wa Finlan a ranar 30 ga Nuwamban 1939. Ana tsakiyar wannan yaƙin na hunturu, 'ya'yan Jajayen jiya suna kwance cikin ƙanƙara a bakin daga kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan Farare, sai ministan walwalar jama'a Karl-August Fagerholm ya haɗa shugabannin masu masana'antu da na SAK. A ranar 23 ga Janairun 1940 aka fitar da wata gajeriyar sanarwa cewa daga yanzu ɓangarorin biyu za su riƙa tattaunawa kan duk abin da ya shafe su. Mutanen Finlan suna kiran wannan Baikon Janairu. Babu ƙarin albashi ko sisin kwabo a cikinta. Abin da ke ciki kawai shi ne mai masana'anta ya amsa cewa ƙungiya tana nan, kuma da ita za a yi magana. Shekara arba'in da ɗaya ma'aikatan ƙarfe suna neman wannan da yaji da tattaki, ba su samu ba sai da aka buƙaci jininsu a kan iyaka.

Abin da ya mayar da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ginshiƙi kuwa shi ne diyyar yaƙi. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta Satumban 1944 ta ɗora wa Finlan biyan Tarayyar Sobiyet kayan da suka kai dala miliyan 300 bisa farashin 1938. Kaya aka ce, ba tsabar kuɗi ba, kuma mafi yawansu jiragen ruwa ne da kawunan jirgin ƙasa da injina da wayoyin lantarki, abubuwan da ƙasar katako da takarda ba ta saba ƙerawa da yawa ba. Duk kayan da suka makara akwai tara mai nauyi a kansu. Dole aka faɗaɗa ma'aikatu cikin gaggawa, aka haɗe ma'aikatun makamai na gwamnati aka mayar da su kamfanin da daga baya ya zama Valmet, aka koya wa 'ya'yan manoma walda da zubin ƙarfe. An ƙera jiragen ruwa sama da 500. Jirgin ƙasa na ƙarshe ɗauke da kayan diyya ya tsallaka iyaka a Satumban 1952. A waɗannan shekaru takwas, yajin mako guda a wurin ƙera jirgi yana iya jawo wa ƙasa fushin Mosko, don haka babu mai masana'antar da zai ce ba zai saurari wakilin ma'aikata ba. A wannan zangon ne yarjejeniyoyin bai-ɗaya na kowane fanni suka kafu. An kuma halatta jam'iyyar kwaminis a 1944, ƙawancenta ya ci kusan kwata na kujerun majalisa a 1945, daga nan ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta zama filin kokawa tsakanin 'yan kwaminis da 'yan Soshiyal Dimokurat har tsawon shekaru arba'in.

Yajin gama-gari na 1956, wanda ya fara a ranar 1 ga Maris, ranar da Urho Kekkonen ya hau kujerar shugaban ƙasa, ya tsayar da komai kusan mako uku. Ma'aikata suka samu ƙarin maka 12, kuɗin ƙasar na lokacin, a kowace awa, hauhawar farashi ta lamushe ƙarin cikin ɗan lokaci. Rigimar cikin jam'iyya ta biyo baya, uwar ƙungiya ta dare biyu a 1960, mambobi suka riƙa zamewa. A tsakiyar shekarun 1960 kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ma'aikatan ƙasar ke cikin ƙungiya.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin abin da ya faru a 1968 shi ne zuciyar maganar. A 1967 gwamnati ta karya darajar kuɗin ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin uku don kayan Finlan su yi sauƙi a kasuwannin waje. Amma a lokacin albashi yana ɗaure ne da farashin kaya, idan kaya suka tashi sai albashi ya bi su, wato amfanin karya kuɗin zai salwance ke nan. Gwamnati na buƙatar ma'aikata su saki wannan igiyar. Mai shiga tsakani na ƙasa, Keijo Liinamaa, ya tsara yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Maris 1968: ma'aikata suka haƙura da ɗaure albashi da farashi, gwamnati ta ɗauki nauyin tsare farashin kaya, sannan aka ƙara abubuwa biyu da suke kamar ƙanana. Mai masana'anta zai riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi ya tura mata, kuma ma'aikaci zai iya cire wannan kuɗin daga abin da ake lissafa masa haraji a kai.

A dubi takardar albashin mai walda a Turku kafin 1968 da bayanta. A da, ranar biya sai wakilin ƙungiya ya bi mutane ɗaya-ɗaya da littafinsa da hatiminsa, wannan ya ce sai wata mai zuwa, wancan ya ce matarsa ta haihu, wani ya kauce ta ƙofar baya. Bayan 1968 sai abin ya koma layi ɗaya a jikin takarda, tsakanin haraji da kuɗin fansho, an cire kafin kuɗin ya taɓa hannu. Ga shi kuma asusun tallafa wa wanda ya rasa aiki, mai biya gwargwadon albashin da mutum yake ɗauka, yana hannun ƙungiyoyi duk da cewa kaso mai yawa na kuɗin daga gwamnati da masu masana'antu yake fitowa. Duk mai son wannan kariya, ta ƙofar ƙungiya zai shiga. Dokar aiki ta 1970 ta ƙara cewa yarjejeniyar da aka ƙulla a fanni ta hau kan kowane kamfani na fannin, ko yana cikin ƙungiyar masu masana'antu ko ba ya ciki. Shi ya sa har yau Finlan ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi, yarjejeniyar ce ke tsaye a madadinta. Uwar ƙungiya ta sake haɗewa a 1969. Cikin shekaru goma yawan masu rajista ya ninka, zuwa farkon shekarun 1990 kuwa ya doshi kashi 80 cikin 100.

Ba na raina wannan nasara. Da ita aka tabbatar da mako mai kwana biyar na aiki, aka bunƙasa fansho, aka ƙara hutu. A 1984 aka fara rage awannin aiki har suka kai awa 100 a shekara, ranakun da ma'aikata ke kira da sunan Matti Pekkanen, mutumin da ya sasanta maganar. Ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta gina makarantarta ta Murikka a bakin tafki kusa da Tampere a 1977, inda har yau ake koya wa wakilan ma'aikata karanta lissafin kamfani da dokar aiki, don kada manaja ya rufe su da takardu. Amma a lura da ginshiƙan da aka ɗora ginin a kai: cire kuɗi daga albashi yana hannun mai masana'anta, rangwamen haraji yana hannun majalisa, asusun marasa aiki doka ce ta tsara shi, teburin tattaunawa na ƙasa kuwa sai ɗaya ɓangaren ya ga damar zuwa ya zauna. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai abu ɗaya a wannan zamanin da ma'aikatan suka ƙwata da hannunsu. A ƙarshen 1970 Shugaba Kekkonen da kansa ya tsara yarjejeniyar albashi ta ƙasa, ma'aikatan ƙarfe suka ƙi ta. Daga Fabrairu zuwa Maris 1971 kusan mutum 70,000 suka ajiye aiki har mako bakwai cikin tsananin sanyi. Siyasa ta shiga ciki sosai: shugaban ƙungiyar, Sulo Penttilä, ɗan Soshiyal Dimokurat ne, 'yan kwaminis na neman ƙwace ƙungiyar daga hannunsa, jakadan Sobiyet na lokacin, Aleksei Belyakov, ya tsoma baki a harkokin ƙwadago har Kekkonen ya nemi a janye shi. Ƙarin albashin da aka samu bai kai asarar mako bakwai ba. Amma daga wannan yajin ne aka samu kuɗin dawowa daga hutu, wani ƙari da ake ba ma'aikaci idan ya koma bakin aikinsa bayan hutun shekara. Masu masana'antu sun yarda da shi ne don a 1969 da 1970 kusan mutum 40,000 ke ƙaura zuwa Suwidin kowace shekara, mutum ya tafi hutu sai a ji shi a ma'aikatar mota a Gotenbag. Kuɗin ya bazu zuwa kusan kowane fanni, ya girma har ya kai rabin albashin hutu. Yajin kuma ya koya wa shugabannin ƙungiya cewa mambobi na iya watsa musu ƙasa a ido. Ina ganin wannan gasa ta cikin gida, duk da ɗacinta, ita ta hana ƙungiyar barci, domin kowane ɓangare dole ya shiga ma'aikata ya nemi ƙuri'ar mai riƙe da guduma.

Rushewar Tarayyar Sobiyet ta zo da abin da ba a shirya masa ba. A farkon shekarun 1980 kusan kwata na kayan da Finlan ke fitarwa can suke tafiya, bisa tsarin musayar kaya da man fetur. Kasuwar ta ɓace, bankuna suka durƙushe, rashin aiki ya tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 a 1990 zuwa wajen kashi 17 a 1994. A daidai wannan lokacin aka buɗe wani asusun marasa aiki a ƙaramin garin Loimaa, mai suna YTK, wanda ba ya ƙarƙashin kowace ƙungiya. Ka biya ɗan kuɗi kaɗan a shekara, ka samu kariya iri ɗaya idan aiki ya ƙare, babu ruwanka da taro ko yaji. Yarjejeniyar bai-ɗaya kuwa ta riga ta hau kan kamfaninka, albashin da ƙungiya ta ƙwato zai shiga aljihunka ko ka biya kuɗinta ko ba ka biya ba. Matashin da ya fara aiki ya yi lissafi, ya ga babu dalilin ba da kusan kashi 1 cikin 100 na albashinsa. Yau wannan asusu yana da mambobi kusan rabin miliyan, yawan masu rajista da ƙungiyoyi kuma ya sauko ƙasa da kashi 60.

Kamfanin Nokia ya rufe wannan rauni na ɗan lokaci. Masu haɗa wayoyi a garin Salo 'yan ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ne, kuma yawancinsu mata. An daina haɗa waya a can a 2012, Microsoft ya saye sashen wayoyin a 2014, ba a daɗe ba shi ma ya tattara. Masana'antun takarda suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Shigar Finlan tsarin kuɗin yuro a 1999 kuma ta toshe tsohuwar hanyar karya darajar kuɗi, sai aka koma neman sauƙin farashi daga jikin ma'aikaci. Yarjejeniyar 2016 ta gwamnatin Juha Sipilä ta ƙara wa ma'aikata awa 24 na aiki a shekara ba tare da ƙarin ko sisi ba, aka zaftare kashi 30 cikin 100 na kuɗin hutun ma'aikatan gwamnati har shekara uku. A daidai lokacin uwar ƙungiyar masu masana'antu, EK, ta sauya dokokinta ta ce ba za ta sake sa hannu a yarjejeniyar albashi ta ƙasa baki ɗaya ba. Teburin da aka kafa a 1968 ya tashi ke nan. A cikin wannan yanayi aka yanke shawarar haɗakar ƙungiyoyin uku.

Sabuwar ƙungiyar ta nuna tana da haƙora. Bayan yajin kwana uku a Disamban 2019, ta cimma yarjejeniya a Janairun 2020 da ta soke waɗancan awanni 24 ta kuma kawo ƙarin kashi 3.3 cikin 100. Amsar ɗaya ɓangaren ba ta ɗauki lokaci ba. A Oktoban 2020 masu masana'antun katako da takarda suka ce sun fita daga yarjejeniyar fanni, kowane kamfani zai yi tasa. Ƙungiyar ma'aikatan takarda, wadda ba ta shiga haɗakar ba, sai da ta yi yajin kwana 112 a kamfanin UPM a 2022. A Maris 2021 masu masana'antun ƙarfe da fasaha suka miƙa aikin tattaunawa ga wata sabuwar ƙungiya da shigarta ganin dama ne. Gwamnatin Petteri Orpo da ta hau a 2023 ta taƙaita yajin nuna adawa da manufofin gwamnati zuwa awa 24, ta rage kuɗin marasa aiki, ta buɗe wa kamfanonin da ba sa cikin kowace ƙungiya hanyar yin ciniki da ma'aikatansu kai tsaye. Yajin mako huɗu da ya tsayar da tashoshin jiragen ruwa a Maris da Afrilun 2024 bai sa gwamnatin ta ja da baya ba. A 2025 ta yanke shawarar soke rangwamen haraji a kan kuɗin ƙungiya, wato ɗaya daga cikin kyaututtuka biyun nan na 1968.

Masu masana'antu suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Tattalin arzikin Finlan bai yi wani girman a-zo-a-gani ba tun 2008, jama'a na tsufa, bashin gwamnati na hawa, kuma ƙaramar ma'aikata mai mutum goma sha biyu a ƙauye ba za ta iya ɗaukar duk abin da manyan kamfanoni irin su Kone ko Wärtsilä ke ɗauka ba. Na yarda akwai abin da ya fi kyau a sasanta shi a cikin ma'aikata. Inda na rabu da su shi ne, sasantawa tana da ma'ana ne idan wanda ke zaune a ɗaya gefen teburin ba ya tsoron a sallame shi gobe. Wakilin ma'aikata da ƙungiya ta horar, wanda yarjejeniya ta kare daga kora, yana iya cewa a'a. Wanda manaja ya kira ofis shi kaɗai, sai dai ya sa hannu.

Ita ma ƙungiyar tana da nata laifin. Ta daɗe tana jin daɗin zama mai buɗe ƙofa, wato ita ke fara ƙulla yarjejeniya, abin da ta samu ya zama ma'aunin kowa. A Fabrairun 2025 ta samu ƙarin kashi 7.8 cikin 100 na shekara uku, bayan ta nemi kashi 10 na shekara biyu, sauran fannoni suka bi sahu. Gwamnati ta shigar da wannan tsari cikin dokar sasanci, ƙungiyoyi sun yi adawa da hakan. Sai dai ma'aikatan jinya, waɗanda mafi yawansu mata ne, kuma sai da suka yi doguwar gwagwarmaya a 2022 kafin su samu ƙarin da ya ɗara na masana'antu, sun daɗe suna tambaya: idan kullum albashin maƙeri ne iyakar abin da kowa zai samu, yaushe tazarar da ke tsakaninsu za ta ragu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban ga ƙungiyar ta ba ta amsar da ta gamsar ba.

Mai karatu a Kaduna ko Kano ba baƙo ba ne ga wannan labari. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta haɗe ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya 42, ta sa a riƙa cire kuɗinsu kai tsaye daga albashi, ta kafa NLC a matsayin uwa ɗaya tilo. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, mai hedikwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya daɗe yana sakatarenta, ta yi ƙarfi a kan wannan tsari. A 2005 Obasanjon nan dai, bayan yaje-yajen farashin mai sun ishe shi, ya sa aka gyara dokar, shiga ƙungiya ya zama ganin dama, aka buɗe ƙofa ga wasu uwayen ƙungiyoyi. Masaƙun Kakuri kuwa suka rufe, babu albashin da za a cire komai daga cikinsa. Abin da ƙungiyar ma'aikatan masaƙun ta yi daga baya shi ne ta fita neman teloli masu zaman kansu a shaguna da kasuwanni ta yi musu rajista. Finlan ba ta kai nan ba, masana'antunta na nan da ransu, amma aikin da ke gaban Teollisuusliitto irin wannan ne.

A je wurin ƙera jiragen ruwa na Meyer da ke Turku, inda aka gama katafaren jirgin yawon buɗe ido Icon of the Seas a 2023. Dubban mutanen da ke shiga ƙofar da safe ba duka ne ma'aikatan Meyer ba. Da yawansu na ƙananan 'yan kwangila ne, wani ɗan kwangilar ma a ƙarƙashin wani yake, kuma sun fito daga Istoniya da Folan da Romaniya da Yukren da wasu ƙasashen. Mai waldan da ya zo na wata shida ba ya jin yaren ƙasar, bai san akwai yarjejeniyar da ta ƙayyade masa kuɗin awa da na aikin dare ba, wanda ya ɗauko shi ne kuma ya ba shi ɗakin kwana, don haka ƙorafi na iya raba shi da aiki da makwanci a rana guda. Haka abin yake a gonaki da gidajen rainon kayan lambu, waɗanda ƙungiyar ta gada daga tsohuwar ƙungiyar ma'aikatan katako. Doka ta ce yarjejeniya ta rufe su duka, amma doka ba ta hawa cikin jirgi ta duba takardar albashi. Wakilin ma'aikata ne ke yin wannan, idan akwai shi, idan kuma an yarda da shi.

Ƙungiyar ta fara buga bayananta cikin harsuna da dama, tana kuma tura masu wayar da kai zuwa wuraren aikin da ba ta da kowa. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, irin na mai littafi da hatimi da aka ajiye tun 1968, kuma shugabannin da suka girma a zamanin babban teburi ba duka ne suka iya shi ba. Yarjejeniyar da ta hau kan kowa tana tsayawa ne muddin ta rufe kusan rabin ma'aikatan fannin, kuma tun da shiga ƙungiyar masu masana'antu ya zama ganin dama, kamfanoni na iya zamewa har adadin ya gaza. Idan haka ta faru a fannin ƙarfe, babu dokar mafi ƙarancin albashi da za ta tare ma'aikaci, sai dai ƙungiyar ta bi kamfanoni ɗaya-ɗaya kamar yadda take yi yanzu a injinan katako, kuma a kowane kamfani abin da za ta samu zai dogara ne ga yawan mutanen da suka yi rajista a cikinsa.